Facin da Awaisu Ya Tilasta

Masu karatu, yau ba ni da doguwar gaisuwa. Baiwar Allah da ta turo mini saƙo tana cewa in yi haƙuri, wai duk maza haka suke, na gode ƙwarai. Amma ki bari ki ji abin da ya faru tukuna, sannan ki gaya mini inda zan sa haƙurin.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Murja, 'yar Malumfashi. Ni ce mai kula da kwamfutoci a gidan ƙyanƙyasar kaji na Alhaji Abdulmutallib da ke bakin Funtua. Awaisu ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ne manajan wurin, kuma shi ne wanda mahaifiyata Inno ta fara kira surukinta tun ba a kawo ko ƙwayar goro ba.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikina, in ba haka ba za ku ɗauka rigima ce kawai ke cina. Injinan ƙyanƙyasa shida gare mu, kuma kwamfuta ɗaya ce ke tuƙa su duka: zafi, iska, juya ƙwai. Tsohuwa ce ƙwarai. Bara da aka kashe ta, sai da ta yi awa biyar tana mana yanga kafin ta yarda ta tashi. Tun daga ranar na kafa doka, muddin akwai ƙwai a ciki ba mai kashe ta.

A cikin kowace kwamfuta akwai abin da muke kira kanel, shi ne ke raba wa komai aiki. Idan aka gano ɓaraka a jikinsa, yadda aka saba shi ne a gyara, a kashe, a kunna. Mu da ba mu da damar kashewa, sai mu yi masa faci yana kan aiki, kamar a canza dutsen murhu alhali tukunya na tafasa a kai. Kafin facin ya kama, kanel yana bin ayyukan da ke gudana ɗaya bayan ɗaya yana duba sawunsu: wannan aikin daga ina ya taso, wa ya kira wa, yanzu a ina yake tsaye. In sawun ya nuna aikin ba ya cikin wurin da za a canza, sai a mayar da shi kan sabo. In kuwa sawun ya yanke a hanya, kanel ba ya canki-canka. Tsayawa yake ya jira.

Ranar Laraba na ɗora facin, saboda kamfanin da ke kawo mana ƙwai ya aiko cewa kowa ya toshe wata ɓaraka ya turo rahoto kafin Litinin. Duk ayyukan suka koma kan sabo, ban da guda ɗaya, wanda ke karanta zafin injina. Mutanen da suka rubuta shi ba su bar masa sawu mai kyau ba, da an bi shi mataki uku sai ya ɓace. Kanel ya ce bai yarda ba. Ni ma na ce ban yarda ba.

Ranar Alhamis Awaisu ya shigo ofishina yana kaɗa makullin mota, turarensa ya riga shi shigowa.

“Murja, har yanzu abin nan bai gama ba?”

“Saura aiki ɗaya. Sawunsa ba abin yarda ba ne.”

Ya leƙo allon ta saman kafaɗata. Ya yi difloma a kwamfuta shekaru shida da suka wuce, kuma ba a kwana uku bai tuna wa mutum ba.

“To ai ga sawun nan a rubuce. Ina sunan wurin da kika yi wa faci? Ni ban gan shi ba.”

“Ka ga alamomin tambayar nan a gefen layukan? Ma'anarsu na'urar kanta ba ta da tabbas. Wannan da take bugawa a allo ƙoƙari ne kawai, tana iya tsallake mataki. Rashin ganin sunan ba ya nufin aikin ba ya ciki.”

“Ba akwai inda ake rubuta ɗaya a tilasta shi ba?”

“Akwai. Ba za a taɓa shi ba. Talata za a ƙyanƙyashe, a kwashe 'yan tsaki, in kashe ta a tsanake in kunna. Kwana biyar ne.”

“Rahoton fa Litinin ne.”

“Sai a rubuta musu gaskiya, a ce saura kwana ɗaya.”

Ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki, ya ce ni dai na cika tsoro. Na ce e, tsoron ne ma ake biyana in yi. Ya fita, na ɗauka magana ta ƙare.

Asabar ce ranar da mahaifiyarsa Hajiya Maijidda za ta zo ganina a gida tare da ƙannenta biyu. Tun Juma'a da yamma na hau mota zuwa Malumfashi. Inno ta sa an wanke tsakar gida har sau biyu, an fito da sabuwar darduma, an ari kulolin maƙwabta. Waina da miyar taushe, dambun nama, kunun aya mai sanyi. Ni kuma aka sa ni cikin leshi ruwan zuma wanda ke cizon hammata, da ɗaurin kallabin da ya matse mini kai har ina jin bugun jini a kunne. Turaren wuta kuwa an banka shi har kajin gidan suka koma bayan ɗaki.

Ƙarfe ɗaya saura, Inno ta miƙo hannu.

“Kawo wayar.”

“Inno, akwai ƙwai a inji. In wani abu ya taso ni za a kira.”

“Ƙwai sun fi aurenki? Ba za ki zauna gaban surukai kina danne-danne kamar marar tarbiyya ba. Kawo.”

Ta jefa ta cikin durowa, ta murɗa makulli, ta ɗaure shi a bakin zaninta. Ni da digirina, na bi ta da ido kawai.

Awa huɗu na yi a kan darduma, kai a sunkuye. Hajiya Maijidda mace ce mai fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba. Ƙanwarta ce dai ta yi ta auna ni da ido tun daga lalle har yatsun ƙafa, tana tambaya ko bayan biki zan ci gaba da aikin nan na maza. Inno ta yi caraf ta amsa a madadina, wai ai sai abin da miji ya ce. Na haɗiye maganar da ta zo mini baki, na ƙara musu kunun aya.

Sai bayan la'asar sosai suka tafi. Da Inno ta buɗe durowa, na ga kira goma sha huɗu, duk daga Baba Iliya.

Baba Iliya shi ne mai tsaron injina. Dattijo ne daga wani ƙauyen Maguzawa a gefen Dayi, shekararsa goma sha ɗaya a wurin, tun ana juya ƙwai da hannu. Ba ya karatu sosai amma ya san lambobi, kuma in ya kara kunne a jikin inji zai gaya maka wace fanka ce ta gaji. Ya bar mini saƙon murya guda ɗaya:

“'Yata, allo yana nuna talatin da bakwai da rabi, amma ƙofar inji tana ƙona hannu. Na kira Manaja bai ɗauka ba. Ni dai zan kashe wutar. Ki yafe mini in na yi laifi.”

Da leshin nan na fita, ko takalmi ban canza ba. Motar Funtua ta yi ta tsayawa tana ɗaukar buhuna, ni kuwa kamar in sauka in tura ta.

Kafin magariba na isa. Tun daga bakin get na ji warin. Baba Iliya ya buɗe ƙofofin injinan duka, yana tsaye a tsakaninsu da rigarsa jiƙe sharkaf. Ya ce wajen ƙarfe biyu lambar allo ta daina motsi, amma da yake lambar daidai ce bai yi zargin komai ba. Sai da ya lura ƙwai ba su juya ba a lokacinsu, ya taɓa ƙofa. Kwamfutar ta daskare ne ta bar na'urorin zafi a kunne. Inji biyu na ƙarshe da ya fara buɗewa sun tsira. Huɗu sun tafi, ƙwai dubu goma sha biyu, saura kwana uku su fashe. Ya fasa guda ɗaya ya nuna mini, ɗan tsako cikakke har da gashinsa. Na juya baya don kada ya ga idona.

Matan Mahuta da na Dayi sun yi wata biyu suna jiran 'yan tsakin nan. Wasu sun riga sun gyara akurki.

Da na samu kwamfutar ta tashi, na buɗe rajistar da take rubuta duk abin da aka yi mata. Ƙarfe ɗaya da minti arba'in da biyu, an rubuta ɗaya a ƙofar tilas. Aikin karanta zafi kuwa ashe yana kwance a cikin ainihin wurin da aka yi wa faci, a matakin da sawun ya tsallake. Da ya farka, rabinsa a tsohon tsari rabinsa a sabo, ya riƙe wani makulli ya ƙi saki, komai ya tsaya yana jiransa. Abin da kanel ya yi kwana uku yana gudu ke nan.

Sunan wanda ya shiga ya yi aikin kuwa, murja, wato sunan da nake shiga da shi.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san lambar sirrina. Da azumi zazzaɓi ya kwantar da ni, na ba Awaisu ita don ya duba mini wani abu, ban canza ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai kun gaya mini a sharhi ba.

Na kira shi bai ɗauka ba. Sai ga saƙo: “Ina wajen Kawu. Kar ki damu, na shawo kan komai. Gobe zan zo gida.”

Lahadi da hantsi ya zo Malumfashi, cikin farar shadda mai aiki a wuya, da ledar tuffa a hannu kamar mai zuwa duba marar lafiya. Na same shi a zaure. Ban shimfiɗa masa tabarma ba.

“Kai ka tilasta facin.”

“Ko gaisuwa babu?”

“Malam Awaisu, kai ka tilasta facin?”

Ya ajiye ledar a kan dakali. “Na sake duba sawun da kaina, sunan ba ya ciki. Na ce bari in gama miki shi, ki zauna da su Hajiya hankalinki kwance, Litinin mu tura rahoto. Don ke na yi, Murja.”

Jama'a, kun ji. Don ni ya yi. Da ya ce don ya burge kawunsa ne, da wataƙila na ɗan ji sauƙi.

“Na nuna maka alamomin tambayar da yatsana. Na ce maka na'urar ba ta yarda da sawun ba.”

“To ai da ya yi daidai da yanzu kina gode mini.”

“Da sunana ka shiga.”

“Nawa ba shi da izinin. Amma ki saurara, ba wanda zai duba wannan rajistar sai ke. Na riga na yi wa Kawu bayani. Na ce mai tsaro ne ya bar wurin ya tafi yawonsa, bai lura da wuri ba.”

Na tsare shi da ido.

“Baba Iliya? Mutumin da ya ceto inji biyu? Wanda ya kira ka ka ƙi ɗauka?”

“Ina wajen aski.” Ya rage murya. “Tsoho ne, dama lokacin hutunsa ya yi. Zai koma ƙauye ya yi nomansa. Wa zai tsaya masa a Funtua? Ke kuma sunanki ya fita, ni nawa ya fita. Gobe Kawu zai sallame shi, shi ke nan.”

“Ɗauki tuffarka.”

“Murja.”

“Ɗauki tuffarka ka fita mana daga zaure.”

Ya fita, amma ya bar ledar. Ina juyowa na yi karo da Inno a bayan labule, ashe duk ta ji. Ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa.

“Kina da hankali kuwa? Mijin da za ki aura kike kora kamar akuya?”

“Inno, kin ji abin da ya yi.”

“Na ji. Kuskure ya yi, kuma ya rufe shi. Ke kuma aikinki ki taya shi rufewa. Mace ba ta tona wa mijinta asiri gaban danginsa.”

“Bai zama mijina ba.”

“Jiya uwarsa ta ci abinci a ɗakin nan. Duk unguwa ta ga motarsu. Shekararki ashirin da bakwai, ƙannenki biyu suna gidajensu, ni na gaji da amsa tambayar mutane a wajen suna. Shi dattijon ba ɗan'uwanki ba ne. Allah zai ba shi wani abin.”

“Sau goma sha huɗu ya kira ni, Inno. Wayar tana durowarki.”

Ban so na faɗi wannan ba. Ta zauna a bakin gado tana murza bakin zaninta. Ina son mahaifiyata, ita ta sayar da tumakinta na shiga jami'a. Amma a ranar na ji haushinta har cikin ƙashina, kuma na fi jin haushin kaina da na miƙa mata wayar.

Da rana na tura wa Awaisu saƙo, don kada ya ce na yi masa yankan baya: “Gobe da safe zan gaya wa Alhaji duk abin da ya faru. Ka riga ni faɗa da bakinka ya fi maka.”

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Bai amsa ba.

Litinin na sa doguwar riga baƙa da farin hijabi, na buga rajistar a takarda, na hau motar farko. A bakin get na ga Baba Iliya zaune a kan benci, kayansa a ɗaure cikin buhun taki: bargo, tocila, 'yar rediyo. An ce masa ya jira Alhaji.

“'Yata, kin zo? Wai sun ce na bar wurin aiki. Ni ko fitsari a bayan inji na yi ranar.”

“Na sani, Baba. Ka zauna, kar ka tafi ko'ina.”

Alhaji Abdulmutallib yana ofishinsa, carbi a hannu, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar.

“Ranka ya daɗe, Baba Iliya ba shi da laifi. Facin da na ɗora ne aka tilasta, alhali na'urar ba ta yarda da sawun aiki ɗaya ba. Shi ya daskarar da ita. Ga lokacin a rubuce.”

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya buɗe durowa ya fito da irinta sak, an ja wa sunana layi da jan biro.

“Na gani tun jiya da yamma. Awaisu ya kawo mini.”

Na ɗago kai na dube shi.

“Ya ce da farko ya ɗora wa Iliya ne don ya kare ki, amma zuciyarsa ta kasa ɗauka. Har kuka ya yi a nan.” Alhaji ya girgiza kai. “Murja, na ɗauke ki kamar 'yata. Da kin zo da kanki tun Asabar, da ban ji zafi haka ba. Kin shiga ta waya daga gida kin yi gaggawar gama aiki saboda baƙi, ko ba haka ba?”

“Alhaji, ba ni ba ce. Lambata ya yi amfani da ita.”

“Sunan wa ke jikin takardar?”

“Nawa. Amma…”

“Ke kika koya mini cewa abin da na'ura ta rubuta ba ya ƙarya.”

Ban taɓa koya masa haka ba. Kwana uku na yi ina faɗa wa duk mai kunne cewa abin da na'ura ta buga a allo ba kullum ne cikakke ba, amma wa ya saurara.

“Iliya zai koma bakin aikinsa,” in ji Alhaji. “Ke kuma ki ajiye makullin ofis. Ba zan kai maganar ko'ina ba, albarkacin yaron nan. Ya roƙe ni, ya ce duk da haka kada a fasa auren, shi ya yafe miki. Ki gode wa Allah da Ya ba ki mai rufa miki asiri.”

Na zare makullin daga jakata na ɗora a kan tebur. Da na buɗe baki a lokacin, da abin da zai fito ba na gaban dattijo ba ne.

A waje Baba Iliya ya miƙe da buhunsa.

“Yaya, 'yata?”

“Ka kwance kayanka, Baba. Ka koma wajen injinanka. Na biyar fankarsa tana ƙara, ka sa mata ido.”

Ya dube ni, ya dubi hannuna da babu makulli. Ya cire hularsa ya riƙe.

Ina fita get wayata ta yi ƙara. Awaisu ne.

“Ki yi haƙuri, ke kika matsa. Amma ki duba alherin ciki, dama su Hajiya ba sa son aikin nan. Yanzu kin huta, sai shirin biki. Wane kalar akwati kike so?”

Sau uku na karanta. Wani ɗan acaɓa ya tsaya a gabana yana tambaya ko tashar Malumfashi za ni.

Ƙarfe ɗaya da minti arba'in da biyu na ranar Asabar ina durƙushe ina zuba wa mahaifiyar Awaisu miyar taushe, hannuwana biyu a kan kwano, tana sa mini albarka. Ko dai ta faɗi haka a gaban yayanta Alhaji, ko ta dubi idona ta ce ba ta tuna ba.

Na tattare hijabina na hau.

“Ba tasha ba. Kai ni gidan Hajiya Maijidda.”